Rigar Baɗi

Ƙanwata Shadliya ba ta iya nuna ƙauna da baki ba, sai da allura. Tun muna yara a Mahdiya, garinmu na bakin teku, in ta ɓata maka rai ba za ta ba ka haƙuri ba, sai dai ka tarar an ɗinke maka yagaggen aljihu. Shekara talatin tana gaban keken ɗinki a layin masunta. Ta yi shekara goma sha tara da mijinta Lahbib, mutumin Maroko mai gyaran injin jiragen kamun kifi, Allah bai ba su haihuwa ba. Daga ƙarshe suka yi ta zarya tsakanin kotu da gidan marayu can ƙasarsu Lahbib, har alƙali ya ba su riƙon wata 'yar shekara biyar, Gizlan.

Kafin yarinyar ta iso, Shadliya ta ɗinka mata riga goma sha ɗaya. A nan aka fara ɗaukar alhakinmu.

Yarinya ce shiru-shiru, abincinmu mai yaji ma tana hawaye tana ci. Amma da zarar an fito da sabuwar riga, sai ta koma kyanwar daji. Ta shige ƙarƙashin keke, ta rungume ƙafarsa, ta yi ta ihu har masunta su leƙo. Ga gida kullum cike da 'yan barka, ko wace da farantin kayan zaƙi, ita kuwa Shadliya ta rantse ba za a ga 'yarta cikin koɗaɗɗiyar rigar gidan marayu ba. Duk la'asar sai an yi kokawa.

"Yaya Manjiya," ta ce da ni wata rana, ido ya kumbura, "yarinyar nan ba ta ƙaunata. Ko zaluntarta na yi da na rabo ta da ƙasarsu? Ko mayar da ita ya fi?"

"Mayar da wa? Tsabar shagwaɓa ce. Bar ni da ita, shida na raina."

Haka na faɗa, da bakina. Ranar Juma'a mata sun cika falo, an samu an cusa Gizlan cikin wata riga ruwan hoda. Na ja kumatunta, na yi mata wasan da ake yi wa kowane yaro a garin nan.

"Kai, wannan kyakkyawa haka! Shadliya, ba ni ita mana in tafi da ita gidana."

Maƙwabciyarmu Goggo Bayya ta cafe: "Ina! Na riga ki, har gado na shimfiɗa mata. Taso mu tafi, 'yar nan."

Aka kwashe da dariya. Gizlan ta dubi Shadliya, ta ga ita ma murmushi take yi. Sai kawai ta kafa mini haƙora a hannu. Ga tabon nan har yau.

Lahbib, wanda maganarsa ba ta wuce uku a yini, sai a ranar ya ga dama ya zauna da yarinyar, suka yi ta ƙus-ƙus da irin Larabcinsu. Da ya fito bai dubi kowa ba.

"A can gidan marayu, ba a sa musu sabbin kaya sai ranar da baƙi za su zo zaɓe," ya ce. "A jera su, a ja kumatu, a tafi da ɗaya. Ita ma an taɓa tafiya da ita, bayan wata biyu aka dawo da ita."

Wata uku ke nan, ashe, kullum muna yi wa yarinya kwalliyar rabuwa. Kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya, na rasa wanda zan sauke wa sai shi.

"Kai kuma wata uku bakinka na aljihu?"

Na ce wa Shadliya ta buɗe baki ta gaya wa yarinyar ba inda za ta. Lahbib ya ce ai waɗancan ma haka suka ce mata. Shadliya dai sai ta miƙe. Ta kwashe riguna goma sha ɗayan nan ta kulle a akwati, ta rufe ƙofa ga 'yan barka. Goggo Bayya har gobe ba ta amsa gaisuwarta. Ranar Sallah, 'yar telar unguwa guda ta fita cikin tsumma, ni ina biye ina sunkuyar da kai.

Bayan Sallah na tarar da Shadliya tana yanka rigar makaranta, wata zabgegiya.

"Buhu kika koma ɗinkawa? Wannan ai biyunta za su shiga."

"Ta baɗi ce."

Ta gama, ta rataye a ƙusa kusa da keke, ba ta ce wa kowa ya gwada ba. Kwana huɗu Gizlan tana zagaye rigar nan daga nesa. A na biyar, ina zaune, ta matso.

"Ta wace ce?"

"Taki," in ji Shadliya, ƙafarta na kan keke. "Amma sai kin yi tsawo."

"In ban yi ba fa?"

"Sai mu jira."

"A nan?"

"To da a ina? Miƙo mini almakashi."

Yanzu kullum da safe sai ta tsaya jikin rigar ta auna kafaɗa. Ni kuwa har yau in na shigo sai ta ja baya. Jiya na kawo mata alewa, ta karɓa da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da gefen rigar, ta dube ni ido cikin ido.

"Inna, ba zan bi ki ba. Ina da riga a nan."