Naman da Baba Bai Ci Ba

Baba ya yi wata uku a gidanmu na Talata Mafara ban taɓa ganin ya cinye abin da na zuba masa ba. Malmala biyu nake sa masa, a dawo mini da ɗaya da rabi. In na yi magana sai ya ce ya ƙoshi, ya sa mini albarka, ya koma ya kishingiɗa.

Daga Tsibiri ya zo, can ƙasar Maradun, inda aka haife ni. Manomi ne, amma ransa na wajen shanunsa. Ranar da 'yan bindiga suka shigo garin da hantsi ne, yana gona. Suka kora garken gaba ɗaya har da maruƙa. Yayana ya bi su yana roƙo ko sa bar masa na noma, sai gawarsa aka ɗauko a bakin rafi. Inna kuwa ta daɗe da rasuwa. Ba wanda ya rage wa Baba sai ni. Maigidana ya je ya taho da shi, da jakar tufafi ɗaya da buta da sandarsa.

Zaman gidan suruki ya yi masa nauyi ƙwarai. Ɗakin da ke jikin zaure muka gyara masa, kuma ba ya shigowa tsakar gida. Masallaci kawai ke fitar da shi. Mutumin da na sani da faɗin kafaɗa, wanda ake jin muryarsa daga bayan gari in yana kiran shanu, ya koma rigarsa na yawo a jikinsa.

Maigidana yana noman rani a wajen Bakura, albasa da tumatir da ɗan ganye. Wata rana ya dawo ya tarar da ni ina kallon kwanon Baba da aka dawo da shi, ya ce, "Wai da can me ya fi so ne? Ki tuna mana."

Ban sha wahalar tunawa ba. Duk Babbar Sallah, in an gama fiɗa, Baba yakan ware tsokar gadon baya ya ce wannan ba ta mata ba ce. Da kansa yake gyara ta. Ya tsinko daddoya a bayan rumbu, ya murje ta da gishiri da citta, ya shafe naman, ya gasa a garwashi yana ɗiga masa man shanu. Sai ya yanka mana ƙanana-ƙanana ya miƙo a bakin wuƙa. Shi ne kaɗai girkin da na taɓa ganin ya yi.

Na gaya wa maigidana. Washegari ya zo mini da daddoya mai yawa a ƙunshe cikin jiƙaƙƙen buhu, da na'a-na'a, da lawashi sabon cira, ƙasa na jikin saiwarsa. Man shanu ne ya ba mu wuya, don matan da ke kawo shi gari sun ragu, sai a wajen wata maƙwabciya na samu ɗan kaɗan a gindin kwalba.

Ranar kasuwa na tafi da kaina, don na san abin da nake so. Rumfar mahauta cike take da nama, fiye da yadda na saba gani. Mahaucin da muke saye a wajensa ya ce, "Hajiya, yau kin zo a sa'a. Shanu sun shigo da yawa, nama ya sauka." Na nuna masa gadon baya, ya yanko mini tsoka ja mai kyau da ɗan siririn kitse a gefe, har ya yi mini gyara. A ƙarƙashin teburinsa akwai kan saniyar, fara, ƙahoninta a buɗe. Na gan shi kamar yadda ake ganin komai a kasuwa, na wuce. Na dawo gida da farin cikina.

Bayan azahar na fara. Na yanka naman falle huɗu, kowanne kaurin yatsa biyu. Na ɗan bubbuga shi da taɓarya saboda haƙoran Baba. Na daka citta da tafarnuwa da masoro da gishiri, sannan na zuba daddoya da na'a-na'a na ɗan dandaƙa su kawai, ban bari sun yi laushi ba. Na matsa lemun tsami, na shafe naman ciki da baya, na rufe shi a kwano na bar shi ya sha. Da aka yi la'asar na hura gawayi, na jira har wuta ta kwanta ta zama garwashi, na ɗora kaskon ƙarfe. Da ya yi zafi sosai na sa man shanu, na shimfiɗa falle biyu.

Ƙamshin ya cika gidan nan take. Ina tsugune ina fifita wuta sai na ji takun sanda a bayana. Baba ne, a tsakar gida, karo na farko tun zuwansa. Na yi sauri na jawo masa tabarma.

"Daddoya ce wagga?" ya tambaya.

"Ita ce, Baba. Daga lambu aka kawo."

Ya zauna yana kallon kaskon. Na kai cokali zan juya naman, ya ɗaga hannu.

"Bari shi kama tukuna, ɗiyata. In kinka dame shi ruwan shi na tsiyayewa."

Na bari. Ya ce in karkata kaskon in riƙa ɗebo man ina zuba masa a kai. Ya ce in jefa ɗanyen ganye a cikin man daga ƙarshe, kada ya ƙone. Da na sauke kuma ya hana ni yankawa, ya ce nama ma yana son ya huta. Duk maganar da ya yi mini a wata uku ba ta kai ta wannan ɗan lokacin ba. Na juya masa baya ina yanka lawashi don kada ya ga idona.

Maigidana ya shigo, ya durƙusa ya gaishe shi, ya koma gefe ya zauna. Na yanka naman, cikinsa da laushi, ruwansa na bin wuƙa. Na barbaɗa lawashi na ajiye a gaban Baba. Ya wanke hannu, ya yi bismilla, ya ɗauki yanka ɗaya yana dubawa.

"Kun wahal da kanku," ya ce. "Nama da tsada haka."

Da na yi shiru da ya ci. Amma ina so ya saki jiki, kada ya ji ya zame mana nauyi, sai na ce, "Babu tsada, Baba. Yau araha ya yi. Mahaucin ya ce shanu sun shigo da yawa."

Hannunsa ya tsaya. Sannan ya mayar da yankan cikin faranti a hankali.

"Daga ina sunka shigo?"

"Ban tambaya ba."

"Tun daga Gidan Goga har bakin garinmu babu mai saniya ko ɗaya yanzu. To wa ke sai da shanu da araha?"

Maigidana ya ce, "Baba, ai daga arewa ake kawo su, daga ƙetare. Kullum motoci na sauke su."

"Haka ne," in ji Baba. Ba ya musu da surukinsa. Ya juyo gare ni. "Kin ga kan saniyar?"

Na ga kan. Fara ce, kuma yawancin shanun Baba farare ne. Yana tsaga musu kunnen hagu sau biyu, shaidarsa ke nan. Na zauna ina ƙoƙarin tuno kunnen da na gani a ƙarƙashin tebur, na kasa. Wani lokaci sai in ga kamar da tsaga, wani lokaci in ga babu. Fararen shanu kuma ba su da iyaka a ƙasar nan.

"Ban gani ba, Baba," na ce.

Ya gyaɗa kai. "Ko ba tawa ba ce, ta wani ce. Wataƙila shi ma ya bi su yana roƙo." Ya jawo butar ya sake wanke hannun da bai ci komai da shi ba. "Allah shi yi miki albarka. Kin iya. Amma ba ni iya cin shi."

Ya dafa sanda ya miƙe, ya koma ɗakinsa.

Muka zauna ni da maigidana, farantin a tsakaninmu, man ya fara daskarewa. Ya ɗauki yanka ɗaya ya ci don kada ran nawa ya ɓaci, bai ƙara ba. Sauran falle biyun da ban soya ba na aika wa maƙwabciyar da ta ba ni mai.

Da kasuwa ta zagayo na koma wajen mahaucin na tambaye shi. Bai ji haushi ba. Ya ce shi a hannun dillali yake saye, dillali kuma a hannun wani, kuma ba wanda ke tambayar na gabansa, don tambaya na jawo wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa. Ya ce shi ma ƙanensa na can a hannun 'yan bindiga tun kaka. Ya ci gaba da wasa wuƙarsa, na tsaya kaɗan na tafi.

Daga ranar Baba ya bar nama gaba ɗaya, har romonsa. In ya ji ƙamshinsa a miya sai ya ture kwanon, sai na koma yi masa tasa tukunyar daban, kuka da daddawa kawai. Ita ma ba ya ci sosai. Mun kai shi asibiti, aka auna shi aka ce ba a ga wani ciwo ba, a dai matsa masa ya riƙa cin abinci. Na rasa yadda ake matsa wa uba. Na yi kunu, na yi fura, na yi kwaɗon zogale. Yakan kurɓa ya ce madalla.

Da bazara ta yi nisa ya fara cewa a mai da shi Tsibiri, yana so ya share gona kafin ruwa ya sauka. Maigidana ya yi ta tambayar direbobi, kowa ya ce hanyar ba ta biyuwa. Kullum sai mu ce masa sai mako mai zuwa. Daga baya ya daina tambaya. Ya rasu wata Alhamis da safe, bayan ya dawo daga masallaci ya kwanta, aka binne shi a nan Mafara.

Mutanen garinmu sun zo ta'aziyya, kuma babu wanda ya zo daga Tsibiri a cikinsu. Duk a nan suke, wasu a kangaye, wasu a gidajen dangi. Wani dattijo, abokin Baba tun ƙuruciya, ya leƙo ya yi mini gaisuwa daga bakin ƙofa. Da ya gama addu'a ya tsaya kamar yana da sauran magana, sannan ya ce gonarsa da ta Baba iyaka ɗaya suke, ko na san wanda zai shuka tamu bana. Na ce ban sani ba. Ya ce shi ma tasa haka, ya sa takalminsa ya fita.