Garin Aljanu na Barhar Sallah

A shekarun da nake koyar da yara karatu a wata 'yar makaranta da ke gindin dutse a unguwar Tandabawi ta Makka, wato wajen tsakiyar shekarun alif ɗari tara da sittin, azumi yana faɗowa ne cikin sanyi, ƙaramar Sallah kuma takan zo da iska mai laushi wadda mutumin Makka ba ya yawan samun irinta. Gidanmu yana can sama inda hanya take ƙarewa, rabinsa ginin dutse, rabinsa kwano. Ina zaune a cikinsa da mai ɗakina, da 'yata ta fari, da mahaifiyata wadda muke kira Iya. Iya ce ta goyo ni daga ƙasar Kano, ta ratso Sudan da ni, ta sauke ni a wannan gari mai alfarma. Saboda haka ban taɓa ɗaga murya a gabanta ba, kuma ban yi nadamar hakan ba.

'Yar tawa ta yi zazzaɓi mai zafi tun tana rarrafe, da ya sauka sai ƙafarta ta hagu ta shanye. Likitan asibiti ya ce cuta ce mai kama yara, ni ma na karanta hakan na gamsu. Iya kuwa ba ta san wani suna ba sai wanda ta taso da shi, shan inna, kuma a wurinta ma'anarsa a fili take: aljana ce ta sha ƙafar. Kowace safiya takan zaunar da yarinyar a kan tabarma, ta shafa wa ƙafar man zaitun tana addu'a. Ban taɓa hana ta ba, domin man yana da amfani, addu'a kuwa ba a raina ta.

A al'adar Makka ta wancan zamani, idan goman ƙarshe ta azumi ta kama, kafintoci sukan shiga barha, wato filin da ke tsakanin gidajen unguwa, su kakkafa lilo na katako, da wata babbar ƙafa irin ta keke mai akwatuna da ke juyawa da yara sama da ƙasa. Masu sayar da balila, dafaffen wake mai tsami, sukan jera tukwanensu, masu alawa su bi bayansu. Babbar barhar da mutanenmu suke zuwa tana wajen unguwar Hindawiyya. A ƙarshenta wani dattijo Bayamane, wato mutumin ƙasar Yaman, yakan kafa tanti mai zane-zane, a ciki akwai akwati mai tagogin gilashi da yara ke leƙawa su ga abubuwan al'ajabi. Yaran Hausawa ne suka raɗa wa wannan kusurwa suna garin aljanu, sunan kuma ya bi ta.

Wata rana na dawo daga la'asar, na tarar da yarinyar a bakin ƙofa, sandar da take dogarawa a gefe. Ta kai shekarun fara karatu a lokacin. Kasancewarta 'yar fari, ba na kiran sunanta, kuma ban cika doguwar hira da ita a gaban mutane ba. Ita ce ta tare ni da kiran da yaran Makka suke yi wa uba.

"Abuya, wai da gaske akwai gari a cikin akwati?"

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

"'Ya'yan maƙwabta. Wai akwai zaki mai fukafukai, da kogi mai gudu zuwa sama. Sun ce ni ba zan je ba, wai ture ni za a yi."

Na dubi sandar, na dube ta. Na ce, "Bana za ki je."

Magana zarar bunu ce. Tunda ta fita daga bakina, sai na ɗauki shirin da muhimmancin da nake bai wa darasi. Washegari na sauka da kaina na duba hanya. Akwai gajeriya mai matakala, wadda ba ta yi mana ba, akwai kuma doguwa da ke zagayawa ta bayan gidan burodi, shimfiɗaɗɗiya, jaki zai bi ta ba tare da tuntuɓe ba. Na je wurin maƙwabcinmu mai ɗiban ruwa, mutumin da iyayensa suka zo ta Cadi, na roƙi aron jakinsa. Ya ce ai ranar Sallah ko jaki hutu yake, in ɗauka. Na tsayar da rana ta biyu, domin ta farko ta idi ce da gaishe-gaishe. Na tambayi kafintoci lokacin da cunkoso yake da sauƙi, suka ce da safe, kafin yaran da suka kwana wasa su farka. Mai ɗakina kuma ta kama ɗinkin riga shuɗiya, ta yi wa jakin ɗan matashi da ragowar yadin.

Duk wannan Iya tana gani ba ta hana ba, domin a zatonta lilo kawai za a je kallo. Ranar da yarinyar ta ambaci sunan wurin a gabanta, muna zaune a tsakar gida ana tsince shinkafar buɗa-baki, sai Iya ta ajiye faifai.

"Malam," ta ce. Haka take kirana, ni ma ɗan farinta ne. "Ina ka ce za ka kai ta?"

"Barha, Iya, wurin wasan yara."

"Ba shi na tambaye ka ba. Me yaran suke kiran wurin?"

Na faɗa mata.

"La'ilaha illallahu. Yarinyar da suka riga suka taɓa, ita za ka ɗora a jaki ka kai musu har gida? Ƙafa ɗaya suka bar mata. Ka gaji da ganin ɗayar ne?"

Na yi mata bayani cikin ladabi. Na ce suna ne kawai na yara, na ce takarda ce da fenti, na kawo abin da malamai suka faɗa a kan camfi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Karatunka yana da kyau, Allah ya ƙara. Amma ranar da jikinta ya yi zafi kamar garwashi, a cinyata ta kwana. Ba za ta je ba."

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta ja sandarta ta shige ɗaki, ta zauna kusa da rigar da ba a gama ɗinkawa ba. Da kukan ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ga alkawari na yi wa 'yata, ga kuma umarnin mahaifiya, kuma ban ga wanda zan iya takawa a cikinsu in ci gaba da tsayawa gaban ɗalibai ina koya musu tarbiyya ba.

Mai ɗakina ce ta samo bakin zaren. Tana wanke kwanuka ta ce mini a hankali, "Malam, kai da littafi kake yarda, Iya da hannunta take yarda. Ko tumatir ba ta saya sai ta latsa. Me zai hana ka kai ta ta latsa?"

Na ga gaskiyarta. Da na gabatar wa Iya da shawarar, na zaci za ta ƙi. Sai ta ce, "To. Gara ni su gan ni. Ni na tsufa, ba abin da za su sha a jikina."

Muka tafi bayan la'asar, ana saura kaɗan a ga wata. Iya ta yafa baƙin mayafinta, carbi a hannu, leɓunanta ba su daina motsi ba tun daga ƙofar gida. Barha ta cika da ƙarar guduma da ƙamshin sabon katako. A can ƙarshe muka iske dattijon zaune a ƙasa, tantin bai tashi ba tukuna, akwatin yana gabansa a kan ƙafafu, shi kuma yana dama wani abu a gwangwani.

"Ahlan, ya Hajja," in ji shi. "Sai ranar idi muke buɗewa."

Larabcin Iya na kasuwa ne, ya ishe ta ciniki da faɗa, amma a wannan rana ta ce in fassara, don kada a yi kuskure. Ta ce, "Tambaye shi inda yake ajiye su."

Na fassara. Dattijon ya fara dariya, da ya dubi fuskarta sai ya haɗiye ta. Na gaya masa labarin yarinyar a taƙaice. Ya jinjina kai, ya goge hannu a zanensa, ya juyo da bayan akwatin wajenmu, ya zare ƙusa ya buɗe. Babu komai a ciki sai doguwar takarda naɗe a jikin sanduna biyu, da mariƙin da ake juyawa, da gurbin 'yar fitila. Ya warware takardar a kan tabarma. Wasu hotunan ya yanko su ne daga takardun da ake naɗe yadi a ciki da na jikin gwangwanayen shayi, wasu shi ya zana da hannunsa: birni a kan gajimare, bishiya mai 'ya'yan fitilu, kifi ɗauke da gida a bayansa.

Iya ta yi bisimilla ta tsuguna. Ta taɓa takardar da ɗan yatsa, ta murza gefenta, ta kai hanci ta shinshina. Ta nuna gwangwanin ta ce, "Wannan fa?"

"Fulawa ce da ruwa, ya Hajja. Da ita nake liƙi."

Ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya har ta iso kan zakin. Wutsiyarsa babu, da rabin fiffike guda, sai huda mai baki tsaga-tsaga.

"Me ya same shi?"

"Ɓeraye. Fulawar suke bi. Kowace shekara sai na yi masa sabuwar wutsiya."

Iya ta daɗe tana kallon hudar. Sannan ta juyo gare ni ta ce da Hausa, "Aljanin da ɓera yake ci?" Ba ta jira amsa ba, ta koma kan dattijon da Larabcinta, ta tambaye shi ko yana azumi.

"Dubi leɓena, ya Hajja. Ya yi kama da na wanda ya sha ruwa?"

Ta sa shi ya karanta Falaƙi da Nasi a kan akwatin, ya karanta ba tare da gardama ba, da ƙira'a mai kyau kuwa. Kafin mu tafi na tambaye shi yadda yara suke leƙawa. Ya ce durƙusawa suke yi a kan benci. Na ce tawa ba ta iya durƙuso. Ya ce mu zo da wuri, zai sauke akwatin daidai tsayin wanda yake zaune.

Muka koma gida. Sai da aka sha ruwa aka yi magariba, ta kira yarinyar ta zaunar da ita kusa da ita, ta yi magana tana dubana.

"Za ta je. Amma da hantsi, ba tsakar rana ba, ba kuma dab da magariba ba. Ni zan riƙe ta, a cinyata za ta zauna. Kuma kada in sake jin wannan suna a gidan nan. Akwatin Bayamane ne."

Yarinyar ta ce, "Iya, kin ga zakin?"

"Na gan shi. Bai kai kyanwar gidan burodi kwarjini ba."

Ran biyu ga Sallah muka fita da hantsi. Na ɗora yarinyar a kan jaki cikin shuɗiyar rigarta, na riƙe igiya, Iya tana gefe hannunta a bayan jikarta. Muka bi doguwar hanya. Mutane suna ta yi mana barka da Sallah da Hausa da Larabci, wasu ɗalibaina suka ga malaminsu yana jan jaki suka sunkuyar da kai, ni kuwa na amsa gaisuwarsu kamar yadda nake amsawa a aji. Barha ba ta cika ba. Dattijon ya cika alkawari: ya cire wa akwatin ƙafafu ya ɗora shi a kan wani guntun kututture. Iya ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, na sauko da yarinyar na ɗora mata. Iya ta kama ƙafar yarinyar ta hagu da hannu ɗaya, ta dama da ɗayan, ta riƙe gam.

Dattijon ya kunna fitila, ya fara juya mariƙi yana ba da labari da murya mai hawa da sauka. Yarinyar ta manna idonta a gilashi.  Can sai ta ce, "Iya! Garin yana tafiya!"

"Takarda ce take tafiya."

"Wallahi kifin yana da taga! Iya, leƙa mana, ga wata tagar nan kusa da ke."

"Ni aiki nake yi. Ki kalla ki ba ni labari."

Haka aka yi. Yarinyar tana faɗa, Iya tana cewa "to" da "sai kuma me", hannuwanta ba su saki ƙafafun ba har takardar ta ƙare. Ni ina tsaye a bakin tanti riƙe da igiyar jaki. Na saya musu balila, muka dawo gida kafin rana ta take.

Washegari da safe Iya ta shimfiɗa tabarma kamar kullum. Ta shafa wa ƙafar hagu mai. Sannan ta jawo ta dama, wadda ba ta saba dubawa ba, ta latsa ta daga cinya har tafin ƙafa, ta lanƙwasa gwiwar, ta ja yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ta miƙa wa yarinyar sandarta ta ce ta taka zuwa bakin ƙofa ta dawo. Yarinyar ta je ta dawo kamar yadda ta saba. Iya ta rufe kwalbar man.

"Malam, yau ma yana nan?"

Na ce sai gobe zai naɗe tantinsa.

"To, ka mai da ita ta ƙara gani. Ni ƙuguna ciwo yake, ku je ku kaɗai."

Maƙwabcinmu ya riga ya fita ɗiban ruwa da jakinsa. Na tsuguna a tsakar gida, mai ɗakina ta ɗora mini yarinyar a kafaɗa, muka sauka ta gajeriyar hanya mai matakala.