Ashiru da Ranar da Saba Ta Ɓace Mana

Da wannan damina shekara bakwai ke nan cif da ƙanena Ashiru ya rasu. Haɗarin mota ne a hanyar Assakio, yana dawowa daga wani aiki. Ni ce babbar yayarsa, ni na goya shi, kuma ni ce na yi masa abin da har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Ina da cibiyar koyon kwamfuta a Akurba, cikin garin Lafia, inda ɗalibai ke gwajin jarrabawar shiga jami'a. Kwamfuta sittin ne a zauren, duk suna ɗaukar tambayoyi daga babbar kwamfuta ɗaya da ake kira saba. Ashiru ne ya ja kowace waya a ginin. Shi ya koya mini cewa kowace kwamfuta sai an ba ta adireshi kafin ta yi magana da 'yan'uwanta, kuma saba ce kaɗai ke raba adireshin. Na ce to, amma gaskiya ta bayan kunne maganar ta bi.

Mako guda kafin wani babban gwaji, ya zo da sabuwar dabara. Saba tana da katin netwok biyu, wato inda ake jona mata wayar da ke haɗa ta da sauran kwamfutoci, sai ya haɗe su suka zama ɗaya, kowane da wayarsa, don in ɗaya ya mutu ɗayan ya ci gaba. Ya yi ta murna kamar wanda aka yi wa haihuwa. Ni kuwa na tsani a taɓa abin da ke aiki, na ce masa wannan haɗe-haɗen nasa zai ja mana magana.

Ranar gwajin, ƙarfe tara, rabin kwamfutocin suka daina ganin saba. Ga yara a zaune, wasu tun daga Awe suka taso, ga iyaye a ƙarƙashin rumfa suna leƙe. Ashiru ya durƙusa bayan saba, gumi na ɗiga. Ya raba katunan nan biyu, ya gwada kowace waya daban, ya sake haɗe su, ya kashe ya kunna. Shiru. Wallahi kaina ya ɗauki zafi. Na tsaya a tsakiyar zaure, a gaban kowa, na ce, "Na faɗa maka! Wanda bai iya ba ya bar wa masu iyawa. Ka kashe mini kasuwa da ƙaramin saninka."

Bai ɗago ba. Ya je ya zauna gaban ɗaya daga cikin kwamfutocin da suka ƙi, ya daɗe yana duban wasu lambobi, sannan ya bi waya har ofishina. Bayan ɗan lokaci komai ya dawo, amma rana ta yi, yaran nesa sun fara tafiya neman mota. Ya fita rumfa ya ba iyaye haƙuri, ya ce kuskurensa ne. Da zai tafi ya miƙo mini wata ƙaramar na'urar rauta mai ba wayar hannu intanet, wadda na saya na jona da kaina da safiyar nan. Ya ce, "Yaya, ajiye wannan a durowa, ba na nan ba ne." Na karɓa ko kallonsa ban yi ba.

Magana zarar bunu ce. Lafia kuwa ba ta da girman da zance zai ɓata a hanya. Makarantu biyu da yake kula musu da kwamfuta suka daina kiransa, ya koma bin ayyukan ƙauyuka. Ranar Juma'a yakan zo gaishe ni, ya ci tuwo, ya yi wasa da yara, bai taɓa tayar da zancen ba. Ni ma girman kai ya hana ni. Wata huɗu a haka aka kira ni asibiti.

Shekara uku bayan rasuwarsa, ina share durowa na ga rautar nan. Na ce asara ce tana zaune, na sake jona ta. Kafin azahar rabin zaure ya daina ganin saba, daidai irin na wancan karon. Na kira Madam Doose, 'yar Tibi da ke kula mana da na'urori yanzu. Ko minti goma ba ta yi ba ta fito riƙe da rautar. Ta ce, "Hajiya, wa ya sa wannan? Shi ma yana raba adireshi, saba ma yana raba. Wanda ya karɓi na wannan ba zai ga saba ba." Na tambaye ta ko haɗe katunan na da hannu a ciki. Ta yi dariya ta ce wanda ya yi wannan haɗin ya san aikinsa, ita ko taɓa shi ba ta taɓa yi ba. Na zauna a ƙasa ina kuka, baiwar Allah ta rasa me ta faɗa da ya jawo haka.

Ashe ya sani. Ya ga laifina da idonsa a ofishina, ya zare shi, ya fita ya ce nasa ne, don kada iyaye su ce mai cibiyar ce da kanta ta ɓata wa 'ya'yansu rana. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango nasa, shi da ba shi da ko ɗaya.

Yau abubuwa sun canza. Mun sa sola, intanet ya yi sauri, yara na gwajin tambayoyi a wayoyinsu tun daga gida. Nakan ce da yana nan da ya yi ta zumuɗi, ya ɓalle murfin kowace sabuwar na'ura don ya ga cikinta, ina yi masa faɗa. Da kuma ya ga wannan rubutu, na san zai ce, "Haba Yaya, me ya kawo tone-tone?" Haka halinsa yake, shi ya sa abin ya fi ci mini rai.

Me ya bari? Bai bar gida ba, bai bar mota ba. Ya bar 'ya ɗaya da ke aji biyu na sakandare, da wayoyin da ya ja waɗanda har yau ba a canza ba, da sunan da na ɓata. Shekara huɗu ina riƙe da gaskiyar nan ina jin kunya, kuma 'yarsa ta fara tambaya ko babanta gwani ne.

To, ku da kuka zauna a rumfar nan, da ku da kuka daina kiransa: a gabanku na ci masa mutunci, don haka a gabanku nake faɗa. Ashiru gwani ne, bai yi kuskure ba ranar nan. Ni na yi. Allah Ya jiƙan ka, ƙanena, Ya sa ka yafe mini, don ban samu na roƙe ka ba.