Motar da Habboba ta ba Hauwa

"Janye hannunki, Ladi, ba ta gasu ba!" in ji Habboba, kakarmu, ta maƙe min yatsu da mafici. Motata ta laka ce ke cikin tokar murhunta, ni kuwa tsoro nake kada ta tsage.

Ga yadda anka yi. Baffana na aikin madatsar ruwa a Rusairis, sai ya aiko ma ɗiyarsa Hauwa da 'yar motar ƙarfe ja, ƙofofinta har buɗewa suke. A ƙauyenmu na gefen Sinja ba wanda ya taɓa ganin irinta. Yara sunka dukufa kwaikwayonta, wani da kara, wani da gwangwanin kifi. Hauwa ta kafa doka: duk mai son ya taɓa tata, sai ya ba ta tashi motar. Haka ta tara su ƙarƙashin gadon uwarta, a jere, ta ƙarfen a gaba.

Ni ban taɓa ta ba, don na rantse ko tsinke ba ni ba ta. Daga nesa nake kallo. Kallon haushi kuwa ba abin da yake bari. Na haddace ƙusoshin ƙafafun, na haddace wata 'yar lotsa da ke goshin motar. Na ɗebo baƙar laka a bakin tur'a, inda ruwa ke shiga gonakin auduga, na kwaɓa ta da kashin jaki, na gina tawa. Na goga mata jar ƙasa. Har lotsar na sa.

Lakarmu in ba a gasa ta ba rugujewa take. Habboba kuwa in ta gama tuyar kisra, wainar dawa mai faɗi, bayan magariba, abu guda take yarda a binne mata cikin toka, kuma ba a tonowa sai tatsuniya ta ƙare. Ran nan layina ne. Munka kewaye ta, hayaƙi na korar sauro. Hauwa na jingine da cinyarta, kamar ita kaɗai ce jika.

"Ga ta nan ta fito daga toka," in ji Habboba.

"Ta zo mu sha ɗumi," munka ce.

Wai ɗiyar sarki ce ke da tulun zinariya. Wata 'yar talaka kullum tana bakin kogi tana hararar tulun, har idanunta sunka yi ja. Nan Habboba ta kalle ni, yara sunka fashe da dariya. Yarinyar ta je ta gina irinsa da laka. Da bazara ta yi, ruwan tulun zinariya ya koma kamar shayi, na laka kuwa sanyi har haƙori. Ɗiyar sarki ta ce a ba ta na lakan. Yarinyar ta miƙa mata.

"Don mi?" na ce, da ƙarfi.

"Ke mai idon mage, tulu ta bayar, ba hannu ba. Gobe ta gina wani. Waccan ko mariƙi ba ta iya liƙawa. Halas, shi ke nan, tatsuniya ta koma toka."

Na san inda tsohuwar nan ta dosa. Ta sa itace ta tono motar, ta hure. Ko tsaga ɗaya babu. Da ta huce yara sunka yi ta miƙa ma juna, ba wanda ya waiwayi ta ƙarfen. Hauwa ta taɓe baki, sai hawaye.

"Habboba, ki ce ta ba ni."

"Wallahi ba ni badawa! Tana da su ɗaki guda!"

"Ladi, ubanta na nesa, naki ga shi can yana cin tuwo. Ba ta."

"Shi ya aiko mata ta ƙarfe. Nawa mi ya aiko min?"

Habboba ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ta aza motar a cinyar Hauwa.

Maganar hannu gaskiya ta faɗa, ban musa ba. Da ginin randa da tulu na ciyar da ɗiyana bayan rasuwar ubansu, har daga wasu ƙauyuka ake zuwa saye. Amma gobe ta gina wani ɗin nan, a tatsuniya ne kawai. Na gina motoci bayan wannan har na gaji, ba wadda ta fito kamarta. Allah ya jiƙan Habboba, ran nan son kai ta yi, kuma ko a gabanta na maimaita.

Washegarin ran nan da safe na leƙa ɗakinsu Hauwa. Ta fiddo jerin nata tsakar ɗaki, yara cike da ƙofa. Ta mai da ta ƙarfen baya, tawa ce a gaba. Wani ya tambaya wa ya gina wagga.

"Ni mana," in ji Hauwa.