Reshen Fidencio

A garinmu, can kan duwatsun da ke leƙen birnin Meziko, idan aka yi haihuwa uban ne yake kai cibiya daji ya binne a gindin itacen oyamel. Haka Don Eleuterio ya yi ranar da aka haifa masa ɗansa tilo, Fidencio. Eleuterio shi ne mai gadin dajin gari. Kullum yana saman dutse da gwangwanin jan fenti, itacen da ya mutu ya shafa masa alama, masu gatari su biyo baya.

Da ƙuruciyarsa fenti har bushewa yake yi a gwangwani don rashin aiki. Sai birni ya kumbura, motoci da masana'antu suka yi ta aman hayaƙi, iska tana kwasowa tana jibge mana. Ruwan sama ma ya koyi rowa. Ganyen oyamel ya soma yin ja yana kaɗewa. Su can ƙasa suna shan mota, mu nan muna asarar daji, abin yana ci mini rai har gobe.

Fidencio ya tafi arewa, ƙetaren iyaka, neman aiki, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Uwarsa, Doña Crescencia, ta kafe cewa muddin itacen cibiyarsa na da rai, ɗanta na nan. Ƙafarta ba ta hawan dutse, saboda haka duk Lahadi mijin yakan karyo mata ɗanyen reshe ta ajiye gaban hoton yaron.

Da itacen ya fara bushewa daga sama, Eleuterio ya ɗauka dauɗa ce. Ya dinga ɗora wa jaki ruwa, yana hawa yana goge ganye da tsumma.

Na ce, "Maƙwabci, wanka kake yi wa itace? Saura ka shafa masa mai."

Ya ce, "Yi dariyarka. Kai ai taka cibiyar kare ya cinye."

Wanka bai yi magani ba, itacen ya mutu a tsaye. Eleuterio ya ƙi shafa masa fenti, ya koma karyo reshe daga itatuwan wasu. Kowace shekara sai ya ƙara nisa kafin ya sami kore.

Wata Lahadi ina gidansu ina shan kunun masara, ya shigo hannu rabbana.

"Tsohuwa, yau gwiwa ce ta hana ni..."

Ta ce, "Zauna, tsoho. Na daɗe da sanin ba nasa kake kawo mini ba. Uwa ce fa ni. Na yi shiru ne, na ce ko ba komai ɗan wata yana da rai." Ta dube shi. "Yau ko na ɗan wata babu?"

Ya girgiza kai. Ni dai na ajiye kunun gefe.

Ta miƙe da kyar, ta ɗauko gwangwanin daga bayan ƙofa, ta ajiye a gabansa. "Gobe ka shafa wa itacensa. Kada ya faɗo wa wani."

Eleuterio ya buɗe murfin ya leƙa.

Ya ce, "Fentin ba zai ishi dajin ba."