Ɗumin Gadon Inna

Inna ta rasu a farkon ɗari, shekarar da ta biyo bayan babban fari. A lokacin garinmu, can gabas da Karofan, ya koma na tsofaffi da mata. Maza sun hau kamyo, manyan motocin kaya, sun yi Abijan. Ni na zauna, don Inna ba ta da lafiya, matata kuma tana da ciki. Awakinmu fari ya cinye su, jakin ma mun sayar mun sayi gero. Abu mai rai da ya rage a gidan, ban da mu, kaza ɗaya ce wake-wake.

Ɗakin Inna shigifa ce, tana da gadon ƙasa irin mai rami a ƙarƙashi, inda ake zuba garwashi in sanyi ya shigo. Can ƙuryar ramin nan kazar ta zaɓa ta yi ƙwai tara, ta hau kwanci. Tun daga ranar Inna ta hana a tura garwashi ciki, sai dai a bakin ramin. Ta gwammace bayanta ya sha sanyi. Kowane ƙwai ta yi masa zane da gawayi a gefe ɗaya, yadda take yi tun ina yaro, don ta bambanta na kwanci da sabo.

Ana gobe za ta rasu ta ce mini, "Kai ɗan nan, kada ku taɓa mata wuri. In kunka ɗauke ta, ta bar su ke nan. Akuyarku na cikin ƙwan ga."

A wurinmu, in mutum ya rasu ana jan ƙofar ɗakinsa har a yi sadakar arba'in. Ba a kwana ciki, ba a hura wuta ciki. Limamin garin ya ce ba ya cikin littafi, amma bai hana ba. Baffana, ƙanen mahaifina, shi ne babban gidanmu, shi ya sa kwaɗo da hannunsa ya ba ni mabuɗin. Ƙyauren na tano ne, gangar ƙarfe da anka buɗe anka daddaƙe, ƙasansa tsatsa ta ci ta bar kafa. Ta nan kazar ke fitowa da hantsi, ta tsattsagi tsaki, ta sha ruwa, ta koma da sauri.

Haka munka yi ta tafiya har ƙyanƙyasa ta kusa. Ran wata Talata ina kwari a garkar albasa, ina jan ruwa, sai na hango matata tana gangarowa daga dutse, hannu ɗaya a ƙugu. Da ta iso ta buɗe bakin zanenta. Gashin kaza ne, wake-wake.

"Bayan rumbu na gan shi," ta ce. "Karnukan mutanen da sunka tafi ne. Yunwa ta sa sun koma kuraye."

Kafin mu hau gida da ita a hankali, azahar ta wuce. Tun hantsi ƙwan ke nan ba uwa, ga iska mai sanyi da ko a cikin rana sai mutum ya ja riga. A duk garin babu kazar da ke kwanci, balle in roƙa a sa mini su. Na buɗe ɗakin ne kawai don in kwashe su in zubar kafin su yi wari.

Ko da rana ɗakin nan duhu gare shi. Tabarmar Inna tana naɗe inda anka jingine ta, butarta a kife. Warin tsohon hayaƙi da man da take shafawa a ƙafa bai fita ba. Na durƙusa na zura hannu cikin ramin, na wuce tsohuwar tokar bakin, mai sanyi kamar yashin rijiya. Da na kai ƙurya sai na janye hannun da sauri.

Akwai ɗumi. Ba zafin wuta ba, ɗumi irin na hammatar mutum. Na sake zurawa na ɗauko ƙwai ɗaya na ɗora a kan fatar idona, yadda Inna ke gwadawa. Kamar yanzu kaza ta tashi a kansa.

Matata tana tsaye nesa da ƙofa. Na ce ta zo ta taɓa. Ta taɓa da ɗan yatsa, ta goge a zane.

"Malam, wuta ka hura?"

"Da mi? Alimeti na wurinki, ko tsinke ɗaya ban ƙyasta ba."

"To wa ya hura?"

Na ce mu kai su ɗakinmu mu lulluɓe. Ta dafa cikinta ta ce abin da ya kwana a ɗakin nan da ɗumin da ba a san mai shi ba, ba zai shiga inda take kwana ba. Ban ja da ita ba. Ɗakinmu ma na kara ne, iska na ratsa shi ta ko'ina. Na mayar da ƙwan inda na same su, na jera su zanen gawayi yana sama, na rufe da audugar tsohon matashi da gashin uwarsu.

Washegari anka tashi da sanyin da ruwan tulu ke sa haƙori tsami. Da na fito masallaci, gari ya yi haske, na buɗe ɗakin. Ɗumin yana nan. Na ɗaga audugar, sai na ga uku daga cikin ƙwan zanensu ya koma ƙasa. Na gaya wa kaina ɗan tsako in ya kusa fitowa yana motsi a ciki, ƙwai ya mirgina. Har yau haka nake gaya wa kaina. Amma na fita da baya, ban juya wa gadon ƙeya ba.

Matata ta faɗa wa wata a bakin rijiya, kafin la'asar magana ta kai ga Baffa. Ya shigo da sandarsa.

"An ce ka zama kaza. Gemu har ƙirji, kana kwanci bisa ƙwai. Ina wutar da ka ɓoye a ɗakin mamaciya?"

"Baffa, shiga ka duba."

Ya shiga yana tona toka da sanda, yana shinshina. Bai sami ko ɗan gawayi mai rai ba. Ya tsuguna da ƙyar, ya zura hannu har kafaɗa. Ya daɗe a haka. Da ya miƙe bai dube ni ba, leɓensa na motsi.

"Fid da su ka rufe cikin rami," ya ce. "Abin da ke ɗumama kanai ba na gida ba ne."

"Ka ba ni zuwa Juma'a, Baffa. In ba su fito ba, ni da hannuna zan rufe su."

Ya ce to, amma bayan an sauko masallaci, ko sa'a ɗaya ba zai ƙara ba.

Yinin nan matata ba ta bi ta gaban ɗakin ba, sai ta zagaya ta bayan rumbu. Ni kuma na rasa inda zan sa kaina, sai na tuna Gwaggo. Ƙawar Inna ce, shekara ɗaya anka kawo su garin suna amare. Idanunta sun yi hazo, ɗanta yana Abijan, ita kaɗai ce a gida. Inna kan aika mata ganyen albasa, ni kuwa tun zaman makoki ban leƙa ta ba. Gidanta yana bayan namu, amma ƙofarsa na kallon wata hanya, sai an zagaya ta masallaci. Na ɗebi ganye na tafi.

Tun daga ƙofa na ga rabin zanar da ta kewaye makewayinta babu. Murhunta da ke tsakar gida ma babu, sai gurbin duwatsun. Hayaƙi na fita a hankali ta ƙofar ɗakinta. Na yi sallama na sunkuya.

Tana zaune a ƙasa cikin hayaƙin, hawaye na bin kumatunta. Ta jera duwatsun murhu a gindin bangon ƙurya, tana tura kashin jakai da guntayen zana, wutar na ci ba harshe. Bangon ya yi baƙi har tsayin ƙirji. Sai a lokacin na tuna abin da na sani tun ina yaro: mahaifina da mijinta sun gina ɗakunan nan baya da baya, bango ɗaya sunka raba. Bayan wannan baƙin, ramin gadon Inna ne.

Na zauna a ƙasa ina dariya ni kaɗai.

"Wane mahaukaci ne?" ta ce. "Af, kai ne. Ganye ka kawo? Ba ganye nika so ba, kara nika so. Na ƙone zanata, gobe sai kujera."

"Gwaggo, wa ya gaya miki ki hura wuta nan?"

"Uwarka."

Na bar dariyar. Ta ce tun suna amare, in wutar ɗaya ta mutu sai ta bugi bangon nan da muciya, ɗayar ta miƙo mata garwashi a kasko ta kan katanga. Ba su taɓa fasawa ba, ko suna fushi da juna.

"Yanzu in na miƙa bisa katanga, wa za ya amsa? Sai na kawo mata wutar kusa."

"Gwaggo, Inna ta rasu."

"Ni za ka gaya ma? Ni na yi mata wanka. Amma bugunta nika ji a bangon ga."

"Yaushe kika fara ji?"

"Jiya Talata, da hantsi. Ina tankaɗe."

Na gaya mata a wannan hantsin karnuka sunka cinye kazar. Ta juyo da fararen idanunta wajena.

"Kazar ta mutu? To. Shi ya sa uwarka ta matsa mini."

Na je na kira Baffa ya ga bangon. Ya shafa baƙin, ya ja dogon numfashi, ya ce ai wutar ba cikin ɗakin mamaciya take ba, babu laifi. Har ya aiko da damin kara daga gidansa. Maganar bugu ban gaya masa ba, matata ma sai bayan ta haihu ta ji.

Ranar Alhamis ban je garka ba. Na yini ina tsintar kashin jakai da tushiyar gero, ina kai wa Gwaggo, ina zagayawa in gwada ƙwan a ido, in dawo in ce ta rage ko ta ƙara. Bayan la'asar muna zaune ni da ita, sai ta ɗaga yatsa.

"Ka ji?"

Na kasa kunne. Kara na ƙara a wuta, wani jaki na kuka can nesa. A ƙarƙashin wannan na ji wani abu daga cikin bangon, a hankali, ya tsaya, ya sake. Ba zan ce bugun muciya ne ba. Ba zan kuma ce ban ji kome ba.

Na zagaya ta masallaci da sassarfa. Kwaɗon yana rufe yadda na bar shi. Na buɗe, na tsaya a bakin ƙofa har idona ya saba da duhun. Babu kowa, tabarma a naɗe, buta a kife. Daga ƙarƙashin gadon wata ƴar murya ta yi tsiyu. Ƙwai ɗaya ya huje, ɗan baki na leƙowa.

Kafin a sauko masallaci ran Juma'a shida sun fito. Ɗaya ya mutu a cikin ɓawo, biyu baragurbi ne. Na kwaso ƴan tsakin a hula na kai ƙofar ɗakinmu. Matata ta dube su suna rawar sanyi, ta yi tsaki, ta buɗe zanenta ta zuba su a kan cikinta.

Ita ta raine su. Ta sami tsohuwar tukunya mai tsaga, ta zuba toka mai ɗumi a ƙasa, ƙaiƙayi a sama, ta rufe da faifai. Ba ta fid da su sai rana ta hau, ruwan shansu ma sai ta ɗumama. Ni ke kife kasko da kara mai laima a bakin shuri in kawo musu gara. Sanyi ya kashe ɗaya, shirwa ta ɗauke ɗaya a gaban idona. Huɗu sunka rayu. Zakaran cikinsu shi munka yanka mata da ta haihu, kuma kafin kaka ta biyu na jawo ƴar akuya daga kasuwar Buza da kuɗin kaji.

Amma ran Asabar, washegarin da na kwashe ƴan tsakin, na ɗauki sauran karan na kai wa Gwaggo. Na same ta a tsakar gida, ta mayar da duwatsun murhunta gurbinsu, ita kaɗai, da lalube. Ɗakin ya huce.

"Mai da abinka," ta ce. "Uwarka ta yi shiru tun jiya."

Na ce in sun girma ɗaya tata ce, kuma zan gyara mata zanarta. Ta juya fuskarta wajen ƙofar ɗakin, kunnenta a karkace.

"Duka ƙwan ka kwashe?"

"Duka, Gwaggo."

"Da ka bar mata ko baragurbin nan," ta ce.