Tsakin Alhaji Mamman a Bakin Teku

Ku da kuka san marigayi Alhaji Mamman, mutumin Yawuri, kun san tsaki ne gaisuwarsa. Mun je Iskandariyya tare, ya yi tsaki. Na kai shi Lome, ya yi biyu. Duk ruwan da ya gani, kogin garinsu ya fi shi.

A 2018 'yarsa Hadiza, ma'aikaciyar jinya a Dubai, ta ɗauki hutunta ta gayyace mu. Tun a filin jirgi ta ja ni gefe.

"Kawu Isa, tun da aka haife ni Baba bai taɓa yaba min ba. Ranar da na gama makaranta ma, cewa ya yi hular ta karkace. Wannan karon sai ya yaba."

Na ce, "'Yata, harshe biyar nake ji, ban san da wanne ake lallashin ubanki ba."

Ta sauke mu a otal, a tsibirin nan da suka zuba yashi cikin teku suka yi masa siffar dabino. Mutumin naku ya fito bakin ruwa da babbar riga, hula, har da safa! Ya dubi Turawa jere a rana kamar an shanya kilishi.

"Malam Isa, a Yawuri in ka ga mutum kwance haka, liman ake kira."

Ni ma, gaskiya, wurin bai burge ni ba. Tekun Lome ruri yake yi. Wannan kuwa lamo, kamar ruwan baho, ana share masa yashi da mota.

Kashegari Alhaji ya zaro fatsa daga aljihu zai kama kifi. Mai gadin ruwa ya busa usur yana Larabci. Na ce masa an hana.

"Wanki fa?"

"An hana."

Ya kamfato ruwan, ya ɗanɗana, ya tofar.

"Ba a sha, ba a su, ba a wanki. Ashe ruwa ma yana zaman kashe wando!"

Hadiza ta juya baya tana share ido da mayafi. Na raɗa masa, "Alhaji, hutun shekara guda yarinyar nan ta ƙarar a kanka. Gobe fa za mu tashi."

Tsaki ya ba ni.

Da safe muka duba ɗakinsa, ba ya nan. Can muka hango shi, ya tuɓe safa, ya naɗe wando, ruwa iya idon sawu. Ya yafito Hadiza.

"Ke Dije, zo nan. Ruwan nan dai na banza ne." Ya dubi ƙafarsa. "Amma wadda ta kawo ni, ba laifi."

Ya mayar da safarsa a jiƙaƙƙiyar ƙafa, ya wuce mu.

Ranar sadakar uku Hadiza ta ce min har yanzu in aiki ya yi mata nauyi, wannan "ba laifi" take tunawa.

Allah ya jiƙan Alhaji Mamman, ya shayar da shi Alkausara, ruwan da ko shi ba zai yi wa tsaki ba.